Ɗakin da Ba a Yi wa Zibala Ba

"Bar wancan, ya Usta. Damina ta san aikinta."

Abin da Huda ta ji ke nan, tana tsugune bayan zana tana wanke finjalai. Babanta Musbahu ne ya faɗa, a hankali, kamar mai cewa a ƙara masa sukari a shayi. Usta Yahya magini ne ya tambaye shi ko a haɗa da ɗakin tsoho, tunda kwaɓin ya yi saura kuma hadari ya fara leƙowa daga kudu. Usta ya ɗauki bokiti ya nufi ɗakin su Huda, ya shafe shi sama da ƙasa, ya wanke hannu ya tafi.

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan bakin kogi, wajen Abu Hujar, ya san ɗakin ƙasa ba ya ƙetare damina sai da zibala. Kashin shanu ne da ƙasa, a jiƙa a bar shi ya ruɓa, a shafe bango da rufi, ruwa ya zo ya zame ya wuce. Shekarar da aka tsallake, ruwa ya samu ƙofa. Ko yaro ya san wannan, balle Musbahu, ɗan Almu magini.

Almu kuwa shi ne tsohon. Rabin ɗakunan unguwar hannunsa ne ya ɗora su, kafin yanar ido ta rufe masa gani. Ɗakinsa yana bakin hanya. A bayansa ne sabon ginin Musbahu ya tashi: jan bulo, ɗaki biyu da diwan na baƙi, rufin zinki yana ɗaukar ido. Sai dai in ka tsaya a titi ba ka ganin fuskar ginin. Ɗakin tsoho ya tare.

Huda ta kai masa shayi. Yana zaune bakin angareb, gadonsa na igiya, ya ɗaga hanci sama.

"Amarya, warin mi nike ji? Zibala ta nuna, wallahi. Wanga kwaɓi ya kwana bakwai."

"Ai kai hancinka ya fi idon mutane, Kaka."

"To da mi zan riƙe ki in ba hanci ba? Yaushe za su zo nawa?"

"Gobe, ina jin."

Ya karɓi finjalin ya hura. "Gobe," in ji shi. Bai ce mata ƙarya take ba. Ita ma ba ta ɗago kai ba.

Huda ba mai magana ba ce. A sakandare ma malamai sai sun duba rajista suke tuna tana aji. Amma idonta ba ya barci. Ta ga ranar da mota ta juye ƙasar ciko a tsakar gida, aka baje ta har ta kai gindin sabon gini, aka daɓe. Ta ga ranar da aka ɗaura indararo a bakin zinki, bakinsa yana kallon bangon Kaka. Shi kuwa tsohon da sanda ya gani. Ya fito alwala, sanda ta ce masa ƙasa ta hau. Ya bi ta taku-taku har gindin bulo, ya dawo, ya zauna, ya ce a kira masa uban Huda.

Musbahu ya zo yana danna waya, ya durƙusa daga bakin ƙofa.

"Ga ni, Yaba."

"Cikon da kunka yi ya fi dokin ƙofata da taƙi guda."

"Haka Usta ya ce. Ƙasar nan baƙa ce, in ba a ɗaga gini ba ta tsaga shi."

"Gaskiya tai. Amma wanda za ya ɗaga wuri, shina fara tambaya ina ruwa za ya. Kafin ka aza tubali ɗaya, ka tsaya cikin ruwan sama ka jiƙe, ka ga inda shike bi. Ka ba shi hanyarsa. In ka hana shi tasa, shi ɗauki ta wani. Ruwan gidan ga tun ina saurayi gabas shike fita. Kun toshe gabas."

"Za a duba, in sha Allah."

"Indararon kuma a juya shi. Aikin rabin yini ne."

"Yaba, ginin yanzu ba irin naku ba ne. Akwai awo, akwai mizani. Ka huta, don Allah. Ka yi naka."

"Mizani ya hana ruwa gangara?"

Musbahu ya yi dariya, wayarsa ta yi ƙara, ya miƙe yana cewa alo.

Ruwan farko ya sauka bayan la'asar, ranar wata Talata. Yara suka fita tsalle, mata suka jera bokitai. Huda ta tsaya ƙarƙashin rakuba, rumfar tsakar gida, tana kallon indararo yana aman ruwa kamar bakin famfon gona, kai tsaye gindin bangon Kaka. Na tsakar gida shi ma ya gangaro ya same shi. Kafin magariba ɗakin ya zama tsibiri. Ta tattare zane ta shiga. Ta samu tsohon a tsaye, tafin hannunsa a bango, can ƙasa-ƙasa.

"Kin gani, amarya? Bangon ƙasa daga ƙafa shike mutuwa. Mutane suna kallon rufi, mutuwa tana shiga ta ƙasa."

"To me za a yi?"

"Kina da fartanya?"

Da safe, bayan babanta ya tafi gona, ta ɗauki fartanya. Tsohon yana daga ƙofa yana ba da umarni kamar yana da leburori goma. Fara daga inda ya fi zurfi. Kar ki yi faɗi, zurfi za ki yi. Zuba ruwa a buta ki ga ko shina tafiya. Ta haƙa 'yar hanya ta ratsa cikon ta ɓulle ta gabas. Ruwan da ya kwana ya bi ta yana sauri kamar an sake shi daga ɗauri. Almu ya ji ƙarar, ya yi dariya har da tari.

"Da namiji kike da na bar miki sana'a. Amma ba komi, na aure ki hakanan."

Musbahu ya dawo da azahar ya tsaya a kan hanyar ruwan.

"Wa ya yi wannan?"

Huda tana tankaɗe gari. Ta ce, "Ni ce," muryar ko kaza ba za ta firgita ba.

"Nan za a shimfiɗa siminti. Kin san wahalar da aka sha kafin a daɓe wurin nan? Da kika gama sakandare injiniya suka ba ki?"

Tambayar abin da ya sa indararo yake kallon bangon Kaka tana bakinta. Ta ji ta a kan harshe kamar ƙwayar magani. Ta haɗiye. Shi da kansa ya ɗauki shebur ya mai da ƙasar, ya tattake da ƙafa.

Ta samu mahaifiyarta Habiba a madafa tana yin kisra, siririyar wainar dawa.

"Yumma, ɗakunan can biyu ba kowa ciki. An sa ƙofa, an sa taga. A mai da Kaka ɗaya mana, ko zuwa ƙarshen damina."

"Ba a yi karama ba."

"To a yi."

"Ke da wa? Sabon gida ba a kwana cikinsa sai an zubar da jini a bakin ƙofa, kin sani. Kuma babanki ya yi wa baffanki Bilyamin alkawari ba za a yanka ragon ba sai ya zo daga Saudiyya. Tare suka yi ginin."

"Yaushe zai zo?"

"In ya samu hutu."

"To ya dawo ɗakinmu."

Habiba ta saki baki. "Surukina? Ɗaki ɗaya da ni? Ke kam karatu ya cinye miki kunya."

"Ko a rushe nasa a yi masa wani."

Habiba ta kwashe kisrar daga kan ƙarfe, ta ninke, ta ajiye. Ta rage murya. "Wa kika taɓa ji ya sa gatari a ɗakin ubansa, uban yana numfashi? Ɗakin da ya gina da hannunsa? Garin nan sai su cinye babanki ɗanye. Har jikokinki sai an yi musu gori." Ta ɗebo wani ƙullun ta shafa. "Abin da Allah ya rushe kuwa, ba mai magana."

Ta faɗe shi ne ba tare da ta kalli 'yarta ba. Hayaƙi ya shiga idon Huda, ta fita.

Daga nan kwanakin suka fara kama da juna, sai dai kowace rana ta fi jiya muni. Danshi ya hau bango har gwiwa, daga baya har ƙugu, baƙi kamar an shafa mai. Tabarmar salla ta yi fumfuna. Ƙasar ɗakin ta koma taɓo, sai da Huda ta sa bulo huɗu ƙarƙashin ƙafafun angareb. Sauro ya tare. Tsohon ya kama tari, irin mai fitowa daga can ƙasan ƙirji, ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Zazzaɓi ya kwantar da shi kwana biyar. Musbahu ya kawo magani daga Abu Hujar, ya miƙa wa Huda daga waje. Ya daina shiga ɗakin. Daga ƙofa yake gaisuwa, ya ce sauri yake, ciyawa ta cinye dawa.

Huda ta bi garken maƙwabta ta tara kashin shanu a buhu, ta jiƙa a bayan gida. Da ta gaya wa Kaka, ya girgiza kai.

"Kin makara, ɗiyata. Zibala ba ta kama jiƙaƙƙen bango. Kowane aiki da watansa. Wanda ya ƙi yi da rani, damina ba ta karɓar haƙuri."

Ranar ne ya fara ce mata ɗiyata. Wasan amarya ya riga ya ƙare, ba ta san ranar da ya ƙare ba.

Wata safiya ƙofar ɗakin ta ƙi rufuwa. Ta tura, ta ɗaga, ta ƙi.

"Bar ta," in ji shi. "Ba laifin ƙofa ba ne. In ƙofa ta ƙi gidanta, bango ne ya motsa. Duba kusurwar yamma, ƙarƙashin mirik."

Ta duba ƙarƙashin babban gungumen da ke ɗauke da rufin. Tsaga ce, siririya, daga sama har ƙasa.

"Kwaɓa laka kaɗan ki liƙa a kai, kamar faɗin hannu. In ta kwana lafiya, bango ya tsaya. In ta rabe, shina tafiya."

Da gari ya waye ta rabe. Ta sake liƙawa. Ta sake rabewa. A rana ta huɗu yatsanta yana shiga tsagar, a ta shida tana hango mai wucewa a titi.

"Kaka, ka fito rakuba. Ni zan ɗauki gadon."

"Ubanki ya ce?"

"Ni na ce."

"Ke ba ki da gida. Shi ka da gida." Ya yi tari ya huta. "Ni na ɗauke shi a wuya na kai shi makaranta. Ba ni fita in kwanta a fili kamar baƙon akuya, sai in shi ya zo ya kama hannuna ya ce, Yaba, taso. Kalma biyu ce. Ina jira."

Ta je ta samu babanta yana wanke ƙafa. Ta tsaya har ya gaji ya ɗago.

"Yaba, bangon Kaka ya tsage. Hannu yana shiga."

"Ɗakin nan ya girme ni. Ya ga damina hamsin, ta bana ce za ta kashe shi?"

"Ko a fito da shi rakuba."

"Mutane su wuce su ga ubana a waje, ga gini a tsaye? Su ce me? Ki bari ruwa ya ɗauke, za a san abin yi. Ke dai ki riƙa ba shi maganinsa."

A wannan makon Bilyamin ya kira ta bidiyo. Musbahu ya buɗe diwan ya zagaya da waya, yana nuna masa fenti da fanka da tagogi. Aka kawo wayar ƙofar tsoho don a gaisa, amma Musbahu ya juya ta yadda bango ba zai fito ba.

"Yaba, kef, lafiya? Ka ga gidan da muka yi maka?"

"Na ji shi," in ji Almu. "In ana ruwa ina jin shi sosai."

Bilyamin ya ƙyalƙyale da dariya. "Tsoho bai bar barkwanci ba!"

Ranar da abin ya faru, Habiba ta ja Huda gaisuwar mutuwa a unguwar gaba. Huda ta ce ba ta jin daɗi, aka ce ta sa mayafi. Kafin su fita ta shiga ta janye angareb daga kusurwar yamma iyakar ƙarfinta. Tsohon ya ce ta bar masa buta kusa. Suna can ruwa ya tsuge, irin wanda ba ka jin maganar na kusa da kai. Huda ta miƙe, wata tsohuwa ta ce ina za ki cikin wannan, zauna. Ta zauna. Wannan zaman shi ne abin da ta kasa yafe wa kanta.

Da ruwan ya tsagaita suka taho, tun daga nesa ta ga sabon ginin. Gaba ɗayansa, da baranda da tagogi. Ba ta taɓa ganinsa daga titi ba.

Maza sun cika wurin, taɓo har gwiwa, suna janye itace da hannu. Bangon yamma ya zauna, mirik ya biyo shi. Gadon da ta janye shi ya hana gungumen sauka a ƙirjinsa. A ƙugu ya same shi. Da aka fito da shi bai yi ihu ba. Bakinsa cike da ƙasa, yana ta motsa leɓe. Musbahu yana kuka da gaske, hawaye da majina, yana cewa Yaba, Yaba. Huda ta dube shi ta rasa inda za ta ajiye wannan kukan.

Mai ɗori ya zo ya ɗaure, ya ce ƙashin tsoho sai haƙuri. Aka rasa inda za a kwantar da shi, ga jama'a. Musbahu ya laluba aljihu ya fito da makulli ya buɗe diwan. Ba rago, ba jini, ba Bilyamin. Ba wanda ya tambaya.

Kwana uku gidan yana cike da masu dubiya. Su cire takalmi, su taka sabon siminti, su ce wa tsoho Allah ya sa kaffara ce, Allah ya sawwaƙe, daga nan ido ya tafi kan fanka.

"Ma sha Allah, Musbahu. Allah ya sa ka gama wannan a kan lokaci. Da ina za a sa shi?"

"Ɗa na gari ke nan."

"Ginin ƙasa ai zamaninsa ya wuce. Bana ɗakuna nawa suka faɗi? Ƙaddara ce."

"Ƙaddara ce," in ji Musbahu, yana zuba musu gahawa.

Almu yana kwance fuskarsa a bango. Huda ta ga hannunsa ya fita daga mayafi ya shafa fentin, a hankali, ya koma. Da can ko a gidan wani ya taɓa bango sai ya faɗi aibinsa. Yanzu bai ce komai ba. Ta kawo kunu, ya sha cokali biyu ya kau da kai. Ta ce, "Ango, ba ka ci abincin amarya?" Ya ja mayafi ya rufe fuska. Mai ɗori da ya dawo ya ja Musbahu gefe, amma ta ji: ba zai ƙara takawa ba.

A rana ta huɗu aka kwashe ɓaraguzan. Ƙasar ɗakin ma ba a yar ba, aka baje ta a inda ya yi kwari, aka ce ta yi ciko mai kyau. Da hantsi sai ga keken jaki ya tsaya a titi, an ɗaure wani abu a kai da igiya, dogo, an rufe da buhuna. Mai keken ya kwance. Ƙofar gida ce ta ƙarfe, mai ganye biyu, kore da ruwan zinari, har da tsuntsaye a sama.

"Maƙeri ya ce in gaishe ka," mai keken ya ce wa Musbahu, yana share gumi. "Ya ce alhamdu lillahi da ka aiko. Tun kafin ruwan farko take jingine a shagonsa, ta hana shi wurin aiki."

Usta Yahya ya ja igiyar awo daga ƙarshen katanga zuwa ƙarshen katanga, a daidai inda ɗakin yake da. Ya duba, ya duba ƙofar. Ko yatsa ba a rage ba, ba a ƙara ba. Bai kalli kowa ba, ya naɗe igiyarsa.

Huda tana tsaye a baranda da kwanon kunun da aka ƙi sha. Tagar diwan a buɗe take a bayanta, kuma ta san kunnen da ke ciki, kunnen da ke jin tafiyar ruwa a ƙarƙashin ƙasa. Maƙwabta huɗu suna riƙe da ƙofar. Mahaifiyarta ta leƙo daga madafa, ta ga fuskarta, ta girgiza mata kai.

Ta sauka daga barandar. Ta ratsa tsakar gida har ta tsaya inda gadon yake da. Musbahu yana ja da baya yana duba ko ƙofar ta miƙe.

"Yaba."

"Matsa, za ki ɓata zanenki."

"Yaba."

Ya juyo. Mazan ma suka juyo, don ba wanda ya taɓa jin muryarta ta kai haka.

"Ranar da ka kai wa maƙeri awon ƙofar nan, Kaka yana kwance a nan wurin. A ina ka yi niyyar ya kasance in ɗakin ya faɗi?"